Motar Kara da Tankar Kwali

Akwai sana'o'i biyu na ƙera ƙananan motoci da ba su san juna ba, kuma sun daɗe kowace na bin hanyarta. Ɗaya ta magidanta ce a Japan da Ingila da Jamus da Amurka, waɗanda ke sayen kwali cike da gutsattsarin roba, su yi makonni suna harhaɗa tankar yaƙin da ba ta fi tafin hannu ba. Ɗayar ta yaran ƙasar noma ce irin Dandume, masu fere karan dawa da reza su fitar da mota da ƙafafunta da sitiyarinta. Ta farko tana da kamfanoni da mujallu da gasa da alƙalai. Ta biyu kuwa wasan yara kawai ake ce mata, a wuce. A 'yan shekarun nan su biyun sun haɗu a kan abu guda, wato motar sulke, kuma wannan haɗuwar ce ta sa nake ganin ya kamata a ɗora su a sikeli ɗaya a ga nauyin kowace.

Mu fara da ta kwalin, tunda ita ce baƙuwa. Wanda ya buɗe kwalin ba mota zai gani ba. Zai tarar da firam-firam na roba, kowane da ƙananan sassa maƙale a jikinsa, kowane sashe da lambarsa: ƙafafu, murfin inji, bakin igwa da aka raba biyu, ƙofar da direba ke leƙowa, har shebur da gatarin da sojoji ke ratayawa a gefe. A masana'anta ake tura narkakkiyar roba cikin mazubin ƙarfe da aka sassaƙa, ta daskare ta fito da wannan siffa. Aikin mai haɗawa shi ne ya yanke kowane sashe, ya goge bakin yankan har ya ɓace, ya bi takardar bayani mataki-mataki. Gam ɗin da suke amfani da shi narkar da fuskar robar yake yi har sassan biyu su zama jiki ɗaya, saboda haka wanda ya ɗora a karkace sai dai ya yi haƙuri da karkatacciyar tanka. Akwai kwalayen da sassansu suka haura dubu, domin sarƙar da tankar ke tafiya a kai ma gaɓa-gaɓa ake haɗa ta.

Abin bai daɗe a duniya ba. A 1936 wani kamfanin Ingila mai suna FROG ya fara sayar da ƙananan jiragen sama na roba da mai saye zai haɗa da kansa. Kamfanin Airfix, wanda sunansa ya zama sunan sana'ar baki ɗaya a Ingila, ya shigo ta wata ƙofa da za ta ba manomin Dandume sha'awa: abin da ya fara fitarwa a 1949 taraktan Ferguson ne, wanda masu taraktan suka sa a yi musu don talla, daga baya aka ga ya fi araha a sayar da shi a warwatse mai saye ya haɗa. Amma wanda ya kafa dokar tankokin roba shi ne Tamiya na birnin Shizuoka a Japan. Kamfanin katako ne da Yoshio Tamiya ya kafa a 1946, ya koma ƙera kayan wasa na itace, sannan ya shiga roba. A farkon shekarun 1960 ya fitar da tankar Jamus mai suna Panther, aka yi ta daidai girman da zai ɗauki batura da ƙaramin inji a cikinta. Da aka auna sai aka ga ta kama kashi ɗaya cikin 35 na tankar gaske. Daga nan ma'aunin 1:35 ya zauna, sauran kamfanoni suka bi, kuma har yau shi ne ma'aunin da aka fi yin motocin yaƙi da shi. Ma'anarsa mai sauƙi ce: tanka mai tsawon mita 7 za ta dawo santimita 20, sojan da ke tsaye kusa da ita kuma kimanin santimita 5.

Abin da ya fi burge ni a wannan al'ada shi ne girmama awo. Shunsaku Tamiya, ɗan mai kamfanin, wanda ya rasu a Yulin 2025, ya riƙa zuwa gidajen tarihi na Turai da Amurka da tef da kyamara yana auna tankoki da hannunsa. A gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila akwai wata Tiger mai lamba 131 da aka ƙwace a Tunisiya a 1943, wadda ita kaɗai ce irinta da injinta ke tashi har yanzu, kuma masu wannan sana'a sun san ta ƙusa-ƙusa. Mutum zai yi gardama da ɗan'uwansa a kan ko tankar da aka ƙera a wata kaza tana da matatar iska a baya ko an riga an cire. Wani zai ce ɓata lokaci ne. Ni ina ganin tarbiyyar ido ce, irin wadda ke hana mutum cewa "kusan haka ne" a inda ake bukatar "haka ne".

Bayan haɗawa sai fenti, kuma a nan gwanaye ke rabuwa da 'yan koyo. Ba a son tanka ta fito fes kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Ana sa mata ƙura da tsatsa da taɓo, da zanen da itace ya yi mata a gefe, da baƙin hayaƙi a bakin salansa, da ɗigon mai kusa da murfin tanki. Wani Ba'amurke, Sheperd Paine, shi ya yaɗa wannan salo a shekarun 1970 ta 'yan takardun da kamfanin Monogram ke sakawa a kwalayensa, sannan da littafinsa na 1980 kan yadda ake gina ɗan fili a ɗora tankar da sojojinta har su ba da labari. Ƙungiyar masu sana'ar ta duniya, IPMS, an kafa ta a Ingila tun 1963, kuma alƙalanta kan haska tocila cikin ƙafafun tanka su ga ko an bar tabon gam.

To amma al'adar tana da lauje cikin naɗi, kuma ba zan ɓoye ba. Kantunanta cike suke da tankokin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu fiye da kima. Tiger ta farko guda 1,347 kacal aka ƙera, alhali Sherman ta Amurka ta kusa 50,000, amma a kan kanta Tiger ce sarauniya. Sha'awar ƙarfe da kyan ƙira ta sa an manta wa ƙarfen ya yi wa aiki, ko da yake dokar Jamus ta hana alamar 'yan Nazi, shi ya sa kamfanoni suka riƙa cire ta daga kwalayen da za a sayar a can. Sannan yaƙin da ake nunawa yaƙi ne da aka wanke. Akwai taɓo da tsatsa, amma da wuya a ga ƙauyen da aka tasa ko matar da ke gudu da goyo. Da wuya kuma a ga kakanninmu. Sojojin Najeriya sun shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, sun yi yaƙi a dazuzzukan ƙasar Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, amma mai neman ɗan sojan roba mai kamarsu zai sha yawo kafin ya samu. Mai haɗa tankar kwali yakan gina yaƙin da ya ƙare tun kafin a haife shi, a ƙasar da bai taɓa kwana da tsoro a cikinta ba.

Yanzu mu dawo gida. Dandume tana kan hanyar da ta tashi daga Funtua ta nufi Birnin Gwari, a ƙasar da ruwa ke wadata, ƙasar dawa da masara da auduga da shinkafa da waken suya. Da an yi girbi, kara ya zube ko'ina. Manya na ɗiba don danni da rufi da makamashi da abincin dabbobi, yara kuma su zaɓi nasu. Ba kowane kara ke yin mota ba. Ana neman na dawa wanda ya bushe sarai bai jiƙa ba, mai dogayen gaɓoɓi. A ɓare bayansa, mai santsi da kaifin da ke yanka yatsa, a tsaga shi siriri-siriri: shi ne ƙusa, shi ne kuma sandunan gini. Totuwar ciki, fara mai laushi, ita ake yankawa gunduwa-gunduwa, a riƙa soka mata tsinkayen nan har firam ya tashi. Inda ake son ƙarfi sai a sa ƙayar aduwa. Babu gam ko ɗigo. Ƙafafu kuwa daga sakaina ake fere su, ko tsohon silifas, ko marfin kwalba da aka huda a tsakiya. Sai a kawo dogon kara a ɗaura a gaba, a lanƙwasa waya a samansa ta zama sitiyari, yaro ya riƙa tuƙi yana tsaye.

Daga kara ake hawa zuwa gwangwani da waya da langa-langa. Gwangwanin madara da na tumatir ake buɗewa a daddake su miƙe, a yanka bodi, a naɗe bakin don kada ya yi yanka. Yaron da ya ƙware yakan sa gatarin gaba ya riƙa juyawa a kan ƙusa guda, ta yadda in ya murɗa sitiyari ƙafafun gaba su karkata da gaske. Wani ya lanƙwasa langa-langa ya yi sifirin, motar ta riƙa lilo in ta hau kunya. Akwai oga a kowace unguwa, yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku da ake kai wa aiki, ƙanana na yi masa ɗibar kara da riƙon waya har su ma hannunsu ya faɗa. Ba wanda ya rubuta wannan tsari, amma tsarin koyon sana'a ne cikakke, iri ɗaya da na garejin da wasunsu za su shiga nan da shekara biyar. 'Yan mata na da nasu ɓangaren, 'yar tsana da kayan ɗakinta na laka da gwangwani, kuma shi ma ya cancanci nasa nazarin.

Bambanci na farko tsakanin al'adun biyu yana wajen wanda ya yi kallo. Mai tankar kwali an riga an yi masa kallo, an yi masa awo, an yanke masa shawarar inda kowane abu zai zauna. Gwanintarsa biyayya ce da tsabtar hannu da sanin launi. Yaron Dandume shi ne mai awon kuma shi ne masana'antar. Sai ya tsaya bakin kasuwa ya ƙare wa gingimari kallo, ya gane cewa kan motar bai kai sulusin bodinta ba, ƙafafun baya bibbiyu ne, tankin mai na rataye a gefe ƙarƙashin ƙofa, akwai tsani a baya inda yaron mota ke maƙalewa. Ya riƙe duk wannan a ka, ya koma gida, ya nemi yadda kara zai faɗi abin da ƙarfe ya faɗa. Wannan aiki ya fi bin takardar bayani wuya nesa ba kusa ba.

Bambanci na biyu yana wajen hukunci. Tankar kwali ba ta tafiya. A kabad ɗin gilashi take ƙarewa, kuma da ido ake yanke mata hukunci. Motar kara dole ta yi tafiya. A ɗora mata ƙullin ƙasa a tsumma a matsayin buhuna, a bi da ita ta kwararo da yashi, wadda gatarinta ya karye ta faɗi, kome kyanta. Yaran ba su san sunan abin da suke yi ba, amma gwajin kaya da gwajin hanya suke yi, kuma daga karyewar suke gane cewa doguwar mota na bukatar ƙarin ƙafa a tsakiya.

Inda ta kwalin ta yi wa tamu fintinkau shi ne ma'auni da ajiya. Yaronmu da ido yake awo, saboda haka abin da ya fi burge shi shi ke fin girma: fitilu manya, eriya doguwa har ta fi motar. Kuma aikinsa ba ya shekara. Gara ta ci, ruwan farko ya jiƙa, akuya ta tauna, ko uwa ta hura wuta da shi. Oga in ya girma sai ya bar sana'ar gaba ɗaya, domin a wurinmu abin kunya ne a ga mai gemu yana fere kara. Ba'ingile ɗan shekara sittin yana alfahari da tankarsa, yana da shekara hamsin na gwaninta a hannu, mu kuwa kowane zamani daga farko yake farawa, ya tsaya a shekara sha huɗu.

Akwai wani abu da ban ga an kula da shi ba: motar kara rajista ce ta abin da ke bin hanyar gari. Kafin mota, dokin kara yara ke hawa, suna kwaikwayon barade da 'yan lifidi, kuma sulke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, tunda tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Da layin dogo ya ratsa Funtua ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, ga kuma injin gurzar auduga na kamfanin BCGA, sai jirgin ƙasa da motocin auduga suka shiga hannun yara, har langa-langar ɗaurin dilar auduga ta zama kayan aikinsu. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe. Ya kawo taki da ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara da tarakta, sai tantan mai manyan ƙafafun baya ta shiga jerin abin da ake ƙerawa. Shirin ya taɓa sana'ar ta wata fuskar ma, domin masara ta ci gonaki da yawa da dawa ke ciki, kuma karan masara bai kai na dawa daɗin aiki ba: bayansa na karyewa, totuwarsa na da zare-zare. Da kasuwar hatsin Dandume ta bunƙasa har ta zama wurin da manyan motoci ke lodi zuwa kudu da sauran sassan ƙasa, sai tirela da DAF da kanta suka zama sarakunan motar kara, har da rubutun addu'a a goshi da labulen roba a bayan ƙafa.

Sannan hanya ta canza baƙi. A Yulin 2020 rundunar sojan ƙasa ta kafa babban sansani a Faskari, maƙwabciyar Dandume, ta ƙaddamar da farmaki kan 'yan bindigar daji. Ranar 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300. Mako guda bayan haka, a Mahuta cikin ƙaramar hukumar Dandume kanta, aka tare 'yan Islamiyya kimanin 80 suna dawowa daga Mauludi, Allah ya sa aka kuɓutar da su. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Dandume da Funtua da Malumfashi. A Oktobar 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, gwamnati kuma ta sayo motocin sulke. Yaron da aka haifa a 2012 ya tashi yana ganin Hilux mai bindiga a baya da motar sulke mai ƙananan tagogi kamar yadda babansa ya tashi yana ganin motar auduga. Idonsa bai canza aiki ba. Abin da ya gani shi yake ƙerawa: bodi mai kusurwa-kusurwa, ƙafafu masu tsayi, ɗan zagayen gwangwani a sama mai juyawa, bututun biro a matsayin bakin bindiga, a shafa laka da gawayi su ba da launin kakin soja.

Nan ne al'adun biyu suka haɗu, nan ne kuma suka fi nisa da juna. Abin da Bature ke yi da fenti mai tsada don tankarsa ta yi kama da wadda ta sha hanya, yaron Dandume ya san shi da hancinsa, domin ƙurar motar gaske ta bule shi a bakin titi. Wancan yana tuna yaƙi, wannan yana cikinsa. Ba duk masu kwali ne ke nesa da wuta ba, gaskiya: kamfanonin ICM da MiniArt na Yukiren ne, kuma sun ci gaba da fitar da kaya bayan Rasha ta mamaye ƙasarsu a 2022, har da motocin da sojojinsu ke yaƙi da su yanzu. Su za su fahimci yaron Dandume fiye da kowa.

Iyaye da malamai da yawa ba sa son ganin wannan sabon salo, kuma na fahimci dalilinsu. Wanda ya biya kuɗin fansa, ko ya bar gonarsa ta bayan gari shekara uku ba shuka, ba zai ji daɗin ganin ɗansa na wasa da siffar bindiga ba. Wasu na tsoron wasan zai saba wa yaro da makami. Duk da haka ban goyi bayan a taka motar a karya ba. Yaro ba ya da jarida, ba ya da majalisar da zai zauna ya faɗi abin da ke cinsa. Hannunsa ne bakinsa. In ya ƙera abin da ke ba shi tsoro ya riƙe sitiyarinsa, ya mai da shi abin da yake iya juyawa. Abin da ya kamata babba ya lura da shi shi ne wasan da ake yi da motar. In rakiya ake yi wa motocin hatsi zuwa kasuwa, ko kai marar lafiya asibitin Funtua, wannan yaro yana neman aminci ne. In kuwa wasan ya koma tare hanya da ɗaure ƙanana a nemi fansa, to a nan ake zaunar da yara a yi magana, kuma matsalar ba a karan take ba. Ta fuskar addini ma motar ba ta da rai, ba ta shiga saɓanin da malamai suka yi kan sura ba. Wannan saɓanin zai fi shafar 'yan sojojin roba da ke zuwa cikin kwali, ko da yake an san rangwamen da aka yi wa kayan wasan yara tun daga 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda.

Ƙera motar sulke da abin da ke hannu ba yara kaɗai suka yi shi a ƙasar nan ba. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 injiniyoyin Biyafara sun lulluɓe tsofaffin motoci da faranta na ƙarfe suka fita da su fagen fama, kuma wasunsu na nan a gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Masana'antar kayan yaƙi ta DICON tana Kaduna tun 1964, kuma a Disambar 2019 aka ƙaddamar da motar sulke mai jure nakiya da aka sa wa suna Ezugwu, ƙirar gida. Tsakanin yaron da ke fere totuwa da injiniyan da ke Kaduna akwai tsani, sai dai matakansa na tsakiya sun ɓalle. Darasin aikin hannu na firamare ya lalace tun lokacin da aka fara karɓar tsintsiyar kasuwa ko kuɗi a madadin abin da yaro ya yi da kansa. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da darasin gabatar da fasaha, aka sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai, da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san su. An nemi fasaha a jirgin ruwa alhali tana zaune a bayan aji tana fere kara.

In ana wannan magana akan kawo sunan Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ya kuma shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, ko Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota a 2007. Sun cancanci yabo. Amma ba na son a rataya darajar motar kara a wuyansu, kamar ba ta da amfani sai ta haifi shahararre. Amfaninta na kusa ya fi yawa: mai walda a Funtua da ke ƙera injin ɓarzar masara da na casar shinkafa, makanikin da ke gyara famfon ban-ruwa, maƙerin Panteka a Kaduna da ke kallon ƙarfen da ya karye ya yi masa ɗan'uwa. Ƙasar noma da irin waɗannan hannaye take tsaye, kuma yawancinsu da reza da kara suka fara.

Shigo da tankar kwali Dandume ba shi ne magani ba. Da kuɗin waje ake sayenta, ga fenti da gam da kayan yanka na musamman, kuma za ta koya wa yaro jiran abin da wani ya yanka masa. Abu ɗaya ya kamata a aro daga gare ta, wato tef. Malamin lissafi na aji biyar ko shida zai iya fita da yaransa ranar da ba kasuwa, su roƙi direba izini su auna tirela ko tarakta. Motar jami'an tsaro kam ba a matsa mata da tef ko kyamara, wannan a bar shi ga ido daga nesa. A rubuta tsawo da faɗi da tsayi da faɗin ƙafa da tazarar gatari, a dawo aji a raba kowane da lamba guda. A ma'aunin 1:35, tirela mai mita 14 za ta zama santimita 40, tarakta mai mita uku da rabi ta zama santimita 10. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya ya gama fahimtar darasin rabo da kaso wanda allo ya kasa shigar masa, kuma ya riƙe abin da ake fara koya wa mai zanen injiniya.

Sai dai 1:35 an yanka shi ne don roba da batir, bai dace da kara ba. Totuwa mai kaurin santimita 2 a wannan ma'auni tana wakiltar ƙarfe mai kaurin santimita 70, wanda babu shi a jikin kowace mota, kuma taraktan santimita 10 ya yi ƙanƙanta da yawa ga yatsun yaro da reza. A 1:20 abin ya fi zama daidai: taraktan ya kai santimita 17 da rabi, tirelar ta kai 70, ƙafar mota mai faɗin mita guda ta zama santimita 5, wadda ake iya yankowa daga silifas guda har a sami ragowa. Rabawa da 20 kuma ta fi sauƙi ga ɗan firamare, ya raba biyu ya cire sifili. In makarantun Dandume da Sabuwa da Faskari da Bakori suka yarda da ma'auni guda, motar da aka ƙera a Mahuta za ta iya tsayawa kusa da wadda aka ƙera a Funtua a gwada su, da tef da kuma kaya a baya.